Likitan da ya ƙi taɓa idona

Ba kwalliya ce ta kai ni neman aikin ido ba. Wani dare ne, ina da shekara 33, 'yata ta biyu tana wata huɗu a duniya. Wajen ƙarfe biyu ta farka da wani irin kuka da ban san ta da shi ba, na ɗauke ta na ji jikinta rau kamar garwashi. Na kai hannu gefen gado inda nake ajiye tabarauna, wayam. Na shafa ƙarƙashin matashi, na shafa ƙasa, babu. Maigidana ya yi tafiya, daga ni sai yara biyu a gidan.

Ni ba makauniya ba ce. In ka miƙo mini kwalbar magani na kawo ta dab da hancina, zan karanta maka har ƙananan rubutun da kai ba za ka iya ba. Amma daga tsawon tafin hannu zuwa gaba, duniya hazo ce. Na san maganin zazzaɓin yana cikin ɗakin, sai dai ina? Na kunna fitila, hazo mai duhu ya koma hazo mai haske. Haka na riƙa bin kan teburi da kan durowa da fuskata kamar mai sansanar abu, ga yarinya a kafaɗa tana tsala ihu. Na fi minti goma kafin na laluba shi. Tabaraun kuwa sai da asuba na same shi, da tafin ƙafata. Ya zame ne ta bayan gado, na taka shi ya rabu biyu.

Tun ina aji huɗu na firamare aka sa mini tabarau. Malaminmu ne ya lura duk abin da na rubuta daga littafin ta kusa da ni nake kwafowa, har da kurakuranta, ba daga allo ba. Daga nan kowace shekara lamba sai ta hau, gilashi ya ƙara kauri, har na kai wajen shekara 24 sannan ta tsaya: -9.00 a dama, -8.50 a hagu. Ni malamar lissafi ce, don haka lambar nan ba ta da wani sirri a wurina. Raba 100 gida 9, za ka sami santimita 11. Iyakar inda nake gani tangaran ke nan in babu gilashi. Dalili kuwa, ƙwayar idona ce ta yi tsawo. Ta yawancin mutane daga gaba zuwa baya wajen milimita 24 ce, tawa ta haura 27. Hasken da ya shiga sai ya haɗu tun bai kai tantanin bayan ido ba, wanda likitoci ke ce wa retina, kafin ya isa can ya sake watsewa.

A lokacin ƙanena, autanmu, bai daɗe da yin aikin gyaran gani da ake kira LASIK ba. Shi lambarsa -3.00 ce kawai. Ranar Alhamis aka yi masa, ranar Asabar ya tuƙo mota da kansa ya zo gidana yana ta karanta mini lambobin motocin da ke can ƙarshen layi. Ya ce, “Yaya, wallahi ko minti goma sha biyar ba a yi ba. Babu zafi, sai ɗan ƙauri kamar gashi ya ƙone. Me kike jira?” Bayan daren nan na daina jira.

Wurin da na fara zuwa ba zan ambaci sunansa ba. Wuri ne mai sanyi da kujeru masu laushi, ga hotunan mutane a bango suna murmushi suna jefar da tabarau. Takardar biyan kuɗi aka fara miƙo mini kafin kowa ya dubi idona. Wani saurayi ya sa na ɗora haɓa a kan na'ura biyu, ya buga takarda, aka ce in dawo Talata mai zuwa a yi. Ba wanda ya tambaye ni ko ina shayarwa, alhali ga jaririya a hannun ƙanwata a ɗakin jira. Ba wanda ya tambaye ni ko ina sa ɗan madubin nan mai laushi da ake mannawa a kan ido, alhali a gabansu na cire shi minti biyar kafin awon. Ni kuwa murna nake yi, ban san akwai abin tambaya ba.

Maigidana ne ya taka mini birki. Ya ce, “Ko mota mutum zai saya ai yana kai wa wani bakanike daban ya duba. Ki bari wani likitan ma ya gani, in ya ce a yi, ni zan kai ki Talatar.” Na ji haushi, amma na je.

Dattijo ne, mai magana a hankali har sai ka ƙosa. Tambaya uku ya yi mini. Shekara nawa lambata ta yi ba ta canza ba? Yaushe rabona da madubin mannawa? Yarinyar da ke waje tawa ce, kuma ni ke shayar da ita? Da na amsa sai ya rufe fayil ɗin ya ce, “Malama, yau ko awo ba zan yi miki ba, balle aiki.” Ya ce ciki da shayarwa kan canza ruwan jiki, su taɓa kaurin gaban ido da lambar tabarau, su kuma busar da hawaye, don haka duk awon da aka yi yanzu ba lalle ya zama na gaskiya ba. Madubin mannawa kuma yana danne gaban ido ya sauya masa siffa, sai an ajiye shi kamar mako biyu kafin ido ya koma yadda Allah ya halicce shi. In mai tauri ne ma ya fi haka daɗewa. Ya ce in je in yaye, in ƙara wata uku, sannan in dawo da tabarau a fuskata.

A mota na yi kuka. Ina ganin kamar an nuna mini ƙofa ne aka rufe. Maigidana bai ce komai ba sai, “Sauri ya haifi nawa?”

Na koma bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Awon ya ci kusan awa uku. Aka ɗauki taswirar gaban idona, ta fito a kwamfuta da launuka kamar taswirar tsaunuka. Aka auna kaurinsa, aka auna zurfin ɗan filin da ke bayansa, aka maƙala mini 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti biyar don a ga yawan hawayena. Aka ɗiga maganin da ke buɗe 'yar ƙofar tsakiyar baƙin ido, likita ya leƙa har can baya da fitila mai kashe ido, yana cewa kalli sama, kalli dama, kalli ƙasa.

Da muka koma ofishinsa sai ya ɗauko farar takarda ya zana ido. Ya nuna gaban, wannan tantani mai kama da gilashin agogo da ke rufe da baƙin ido, ya ce sunansa koniya, kuma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Sauran aikin na wani ɗan madubi ne da ke ciki, bayan baƙin ido. Duk aikin leza, wato siririn haske mai ƙarfi, da nake jin labari, ya ce, sassaƙar koniya ce. Ga mai irin matsalata, ana rage tudun tsakiyarta ta ɗan baje, haske ya daina haɗuwa da wuri. Lezar ba ƙonawa take yi ba, tsinke naman take yi kaɗan-kaɗan, kowane bugu ɗaya ya ɗauke wajen rubu'in maikiron. Maikiron kuwa ɗaya bisa dubu ne na milimita.

Sai ya juyo takardar ya miƙo mini alƙalami. “Tunda malamar lissafi ce, ke za ki yi.”

Ya ce kaurin koniyar yawancin mutane wajen maikiron 540 ne, wato rabin milimita da ɗan ɗori. Tawa ta dama 492. Na rubuta. A aikin LASIK ana fara ɗaga wani siririn marfi daga samanta, a yi sassaƙar a ƙarƙashi, sannan a mayar da marfin. Marfin nan yana mannewa, amma ba ya sake ɗaukar nauyi kamar da, don haka ba a lissafa shi cikin ƙarfin ido. Cire 110. Na cire. Kowace lamba ɗaya ta tabarau tana cin maikiron 14 ko kusa da haka, ni kuma tara gare ni. Cire 126. Na ja layi, na rubuta 256.

Ya ce, “A da ana cewa kada abin da ya rage ya gaza 250. Ni ba na yarda ya gaza 300. Kin ga inda kika tsaya.”

Na ce, “To ai na haura 250 ɗin, Likita.”

Ya ce, “Da shida. Za ki kwana a ɗakin da aka ce miki bangonsa zai iya ɗaukar rufin, amma da ƙyar?”

Sannan ya gaya mini abin da ke faruwa in bangon ya gaza. Cikin ido akwai ruwa mai matsi da ke tura koniya waje dare da rana. In ta yi siriri fiye da kima sai ta fara tasowa a hankali, wani lokaci bayan shekaru, ta yi tsini, gani ya murguɗe yadda tabarau ba zai iya miƙe shi ba. Wasu sai an kai ga dasa musu koniyar wani. Kuma naman da leza ta ɗauke ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Na tuna Talatar nan da aka ba ni, jikina ya yi sanyi.

Ban haƙura nan da nan ba, don na yi karatu a watannin jiran. Na ce to PRK fa? Ya yi murmushi ya ce lallai na yi aikin gida. A PRK ba a ɗaga marfi, ana goge fatar sama ce mai kaurin maikiron 50, a yi sassaƙar kai tsaye, fatar ta sake tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Kwanakin nan akwai zafi da hawaye, kuma gani kan ɗauki makonni kafin ya daidaita, amma ana bar wa koniya ƙarfinta fiye da yadda LASIK ke bar mata. Shi ya sa ake zaɓar ta ga masu siririyar koniya, da sojoji da 'yan dambe waɗanda naushi ɗaya zai iya gusar musu da marfi. Da lambata uku ce ko huɗu, ya ce, da ita zai yi mini ba tare da shakka ba. Amma a tara sassaƙar ta yi zurfi, haɗarin tabo mai kama da hazo ya ƙaru, ganin dare kuma ya lalace. Na ce SMILE fa, wadda ake zaro ɗan faifan nama ta kafar da ba ta wuce milimita huɗu ba? Ya ce tana da kyau, ta fi sauƙin bushewar ido don ba ta yanke jijiyoyi da yawa, amma ita ma daga koniyar nan tawa za ta ciro faifan. Asusu ɗaya ne, ko ta wace taga aka cire kuɗin.

Anan ne ya ba ni labarin da ya sa yake da taurin kai. Tun daga shekarun 1970 wani likita a Mosko, Svyatoslav Fyodorov, ya yaɗa wata dabara ta tsattsaga koniya da wuƙa, tsaga-tsaga kamar wayoyin ƙafar keke, don ta baje. Ta yi aiki, mutane masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban suka ajiye tabarau suna murna. Bayan shekaru sai aka ga da yawansu koniyar ba ta daina bajewa ba, ganinsu na safe daban, na yamma daban. Ya ce har yanzu irinsu suna zama a kujerar da nake zaune. “Duk wanda zan yi wa aiki, ba gobe nake duba masa ba, shekara talatin nake dubawa.”

Saura hanya biyu, in ji shi. Ta farko, a bar koniya yadda take, a shigar da wani ɗan madubi mai laushi cikin idon, a ajiye shi bayan baƙin ido, gaban madubina na halitta. Ana kiransa ICL. Tabarau ne dai, amma a ciki, kuma in ta kama ana iya fitar da shi. Awona ya nuna akwai fili, kuma ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan koniyata suna da yawa. Ya nuna mini hotonsu, jere kamar saƙar zuma. Su ne ke tsotse ruwa daga koniya don ta zauna garau, kuma in sun mutu ba sa sake haihuwa, don haka sai an ƙirga su kafin aiki, a ci gaba da ƙirgawa bayan aiki. Na tambaye shi me ya hana a cire madubina na halitta gaba ɗaya a sa na roba, kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Ya ce a shekara 35 madubina yana iya kumbura da lotsawa da kansa don in ga kusa da nesa, na roba ba ya yi, kuma cire shi a dogon ido irin nawa yana ƙara haɗarin ɓallewar retina.

“Ta biyun fa?”

“Ki ci gaba da sa tabarau. Shi ma zaɓi ne, kuma shi kaɗai ne bai taɓa makantar da kowa ba.”

A ɗakin jira ranar na haɗu da wata mata da ɗanta mai shekara 17. Shi koniyarsa da kanta take tsini, ba tare da an taɓa ta ba, kuma tun yana ƙarami yake murza ido saboda ƙaiƙayi. Sun zo neman leza aka ce ko kusa. Abin da za a yi masa wata dabara ce da aka ƙirƙiro a Dresden ta Jamus: a jiƙa koniyar da sinadarin bitamin B2, a haska mata wani haske na musamman, zarurrukanta su ƙara ƙulluwa ta yi tauri. Ba za ta raba shi da tabarau ba, tsayar da lalacewar kawai za ta yi. Uwar ta ce mini, “Mu da muka zo a cire gilashi, yanzu addu'a muke gilashin ya ci gaba da yi masa aiki.”

Wata biyu na yi ina juya takardar amincewa. Likitan bai bar ni na sa hannu a ranar ba, sai da ya karanta mini ita layi-layi. Ƙwayar cuta na iya shiga cikin ido, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana iya tafiya da gani. Matsin ruwan ido na iya hawa. Madubin na iya kusantar nawa na halitta ya jawo yanar ido da wuri. In girmansa bai dace ba sai an sake shiga an canza. Ni da na zo da gudu sai ga ni ina ja da baya. Abin da ya sa na sa hannu a ƙarshe, ban ɓoye wa kaina ba, daren nan ne. Da kuma cewa mutumin da ya kore ni sau biyu, in ya ce wannan za ta yiwu, na yarda da shi.

Ido ɗaya aka fara, na dama. Ba a sa ni barci ba, ɗigo kawai aka yi ta zuba mini har idon ya mutu. Aka wanke kewayensa da aidin, aka lulluɓe fuskata da wani ƙyalle mai huda ɗaya, aka sa ɗan ƙarfen da ke hana ƙiftawa. Abin da na fi tsoro shi ne in ga wuƙa tana tahowa. Ban ga komai ba sai haske mai ƙarfi, da launuka suna motsi kamar mutum yana kallon rana daga ƙarƙashin ruwa. Na ji ɗan danni, na ji ruwa mai sanyi yana gangarowa ta gefen kunnena, na ji likitan yana cewa, “Kalli fitilar, Malama, kina ƙoƙari.” Kafar da ya yi ba ta wuce milimita uku ba, ta nan ya tura madubin a naɗe ya warware a ciki, ko ɗinki ba a yi ba. Minti ashirin. Aka zaunar da ni awa biyu ana auna matsin idon. Ina zaune na ɗaga kai, ta cikin hujojin murfin robar da aka rufe idon da shi, na hango agogon bango. Sha ɗaya da minti goma. Rabon da in karanta agogon bango da idona tsirara tun ban san amfanin agogo ba.

Makon da ke tsakanin ido na farko da na biyu ya fi komai wahala. Ɗaya na gani garau, ɗaya na hazo, in na sa tabarau kuma wanda aka gyara ya rikice. Jiri na yi ta yi har aka yi na hagun.

Akwai abubuwan da ba wanda ya gaya mini. Komai ya ƙara girma. Ashe gilashi mai kauri ƙanƙantar da abubuwa yake yi, shekara ashirin da biyar ina ganin duniya a matse ban sani ba. Na kalli ƙafafuna na ce kai, haka suke? Sai da na yi kwanaki ina kuskuren matakala. Akwai kuma abin da aka gaya mini amma ban ɗauke shi da nauyi ba: zobba. Madubin yana da 'yar huda a tsakiya, ba ta kai rabin milimita ba, don ruwan ido ya riƙa wucewa. In fitila ta bugo ni ta gefe sai in ga wani siririn zobe na haske, da dare kuma kowace fitilar mota tana da nata rawani. Watannin farko na daina tuƙin dare. Yanzu zobban suna nan, ƙwaƙwalwata ce ta daina kula su, sai in na neme su.

Na kuma yi asarar abu ɗaya da ban san dukiya ba ne. A da in yaro ya taka ƙaya ko sartse ya shige masa, ni ake kira. In cire tabarau, in kawo ƙafar santimita goma daga idona, in ga abin ɓaro-ɓaro kamar da madubin ƙara girma. Wannan ya tafi tare da hazon.

Wata guda ina ɗiga magani, da farko sau huɗu a rana sannan aka riƙa ragewa. Mako guda ina kwana da murfin roba, ba ruwa a ido, ba kwalliya, ba murzawa. Ranar da ya sallame ni, likitan ya ba ni katin da ke ɗauke da lambar madubin, ya juya bayansa ya rubuta abu uku da hannunsa: walƙiya, ɗige-ɗige masu yawa farat ɗaya, labule, wato duhun da ke rufe wani sashe na gani. Ya ce, “Na gyara yadda haske ke shiga, ban rage tsawon idonki ba. Retinarki a miƙe take kamar fatar ganga, jiya da yau duk ɗaya. In kin ga ɗaya daga cikin ukun nan, kada ki jira gari ya waye sau biyu.”

Bayan shekara uku sai ga Umma da yana a ido biyu. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma aikinta na cikin waɗanda aka fi yi, amma Umma ta ce ita ba za a ƙwaƙule mata ido a ajiye a faranti ba. Na rantse mata ba a fitar da ido daga gurbinsa. Na zana mata irin zanen da aka yi mini. Na ce yanar nan ba wani abu ba ne da ya rufe idon ta waje, madubin ciki ne ya tsufa ya daskare. Za a shiga ta 'yar kafa, a farfasa shi da na'ura mai rawar sauti, a tsotse, a sa na roba a cikin jakar da ya bari. Ni an bar mini nawa an ƙara wani a gabansa, ita za a cire nata a musanya.

Ta ce, “Roba a cikin ido? Ba za ta ruɓe ba?”

Na ba ta labarin Harold Ridley, likitan Ingila da ya duba matuƙan jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya lura ɓarɓashin robar murfin jirgi da ya shige musu ido yana zaune lafiya, idon bai yi faɗa da shi ba. Daga nan ya sa aka ƙera madubi da irin robar, ya fara dasa shi a asibitin St Thomas da ke Landan a 1949. Abokan aikinsa suka yi masa ca shekara da shekaru, sai a 2000, yana da shekara 93, Sarauniyar Ingila ta karrama shi. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, “Allah sarki, ya sha haƙuri.” Ina jin tausayin mutumin ne ya sa ta yarda, ba zanena ba.

An ba ta zaɓi tsakanin madubi mai gani ɗaya da mai haɗa nesa da kusa. Na biyun yana rage buƙatar tabarau, amma yana zuwa da nasa zobban da dare. Ta ce ita a ba ta mai sauƙi, ta ga nesa, karatu ta sa gilashi. Washegarin aikin da aka buɗe idon ta daɗe tana kallon mayafinta. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka ruwan ƙasa ne, ashe shuɗi ne. Bayan shekara biyu gani ya sake dusashewa, ta ce ga shi nan, yanar ta dawo. Ba ta dawo ba, ba ta dawowa. Bayan jakar ne ya yi duhu, aka buɗe shi da leza tana zaune a kujera, ko minti biyar ba a yi ba.

Tawa matsalar ta zo a shekara ta biyar bayan aikina. Ina tsaye gaban allo na juya kai, sai na ga walƙiya a gefen idon hagu, rana tsaka, babu hadari. Zuwa la'asar sai ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa toka a ruwa. Ba zafi ko kaɗan, kuma nan ne haɗarin yake, don da ban da katin nan da na ce gajiya ce na kwanta. Na kira maigidana na ce ya zo yanzu. A daren aka buɗe idon aka ga retina ta yage a can gefe, amma ruwa bai riga ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta ba. Aka kewaye yagewar da ɗigon leza, kamar yadda tela ke kewaye ramin maɓalli don kada ya ci gaba da warwarewa. Wannan ta fi aikin farko zafi, kowane bugu sai na ji shi har cikin kai. Likitan da ya yi, wani matashi ne daban, ya ce da labulen ya riga ya sauko da ba a kujera za mu yi magana ba, sai a ɗakin tiyata.

Auta har yau yana jin daɗin LASIK ɗinsa, kuma ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba, don bai yi ba. Koniyarsa mai kauri ce, lambarsa ƙarama, aikin nasa ne. Sai dai kullum akwai kwalbar hawayen roba a aljihunsa, in ya daɗe gaban kwamfuta ko iska ta buge shi sai ya ɗiga. In wani ya tambaye mu wanne ya fi, shi ya ce nasa, ni in ce a fara zuwa a auno kaurin tukuna. Duk shekara ina komawa a ƙirga mini saƙar zuman nan, a auna matsi, a duba tazarar da ke tsakanin madubin biyu, a leƙa retina. Ranar ba na tuƙi, don maganin buɗe ido sai ya yini bai sake ni ba.

Yanzu shekarata 44. Bara na lura ina miƙar da hannu in zan duba takardun jarrabawar ɗalibai, har hannun ya ƙare rubutun bai fito ba. Dattijon ya gaya mini tun ranar lissafin nan cewa wannan na tafe, da aiki ko ba aiki, don madubin halitta daga shekara arba'in yake fara sandarewa. Na ƙi saye, ina ta ja. Rannan ina gidan Umma zan karanta mata takardar maganinta, na kai ta nesa, na dawo da ita, na karkata wajen taga. Tana kallona ba ta ce komai ba. Can sai ta zare nata daga wuya, da igiyarsa da komai, ta miƙo mini.

Na ce, “Umma, naki ya yi mini ƙarfi.”

Ta ce, “Sa dai ki karanta mini. In kin gama ki ba ni abina, kada ki tafi da shi.”